Na haɗa Doriyan da buluz a fiyano, amma kiɗan ya ƙi tafiya: ina gyaran yake?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum malamai da yayyena. Ina so a duba mani wani kiɗan fiyano da nake shiryawa, salon jaz, babu murya a ciki. Ga yadda yake a yanzu.

Yana kan D. Awonsa 6/8 ne, bugu biyu a kowace gaɓa, kowane bugu ya rabu uku, saurinsa 66 a metironom. Hannun hagu yana maimaita D–A–D a ƙasa, sannan in ɗora kamun tazarar huɗu, wato maɓallai uku a kama tare, kowanne na huɗu daga na ƙasansa, E–A–D da D–G–C, ina kai da kawowa tsakaninsu. Gaɓa 16 ina zaune kan kod ɗin Dm7 (kod sautuka ne da ake bugawa tare) da jerin sautuka na tsanin Doriyan, wato fararen maɓallai daga D zuwa D, sai gaɓa 8 kan G7, sai in dawo Dm7 gaɓa 8. Hannun dama kuma tsanin buluz na D yake bi: D, F, G, Ab, A, C.

Abubuwa uku ke damuna. Kiɗan ba ya tafiya, duk wanda ya saurara sai ya ce wuri ɗaya yake ta zagayawa, ko da na koma G7 ba a jin an je ko'ina. Sannan duk lokacin da na taɓa Ab sai ya yi karo da hannun hagu, ya fito kamar kuskure maimakon ya ba da ɗanɗanon buluz. Na ƙarshe, ƙasan kibod ɗin yana cushewa, sautin ya dagule. Yamaha PSR ne mai maɓalli 61. Daga baya kuma ina so in sa bes da kalangu. Laifin tsarin ne ko na yatsu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kiɗa, Katsina:

Wa alaikumus salam ƙanena. Laifin tsarin ne kafin na yatsu, kuma gyaran ba shi da nisa.

Mu fara da G7 ɗin nan. Tsanin da ke tafiya da shi, Miksolidiyan na G, shi ne G A B C D E F. Jera Doriyan na D kusa da shi: D E F G A B C. Sautuka bakwai ne iri ɗaya, ko guda bai sauya ba. Abin da ka yi kamar mutum ne ya tashi daga ɗaki ya koma zaure a gida ɗaya, ya ce ya yi tafiya. Bes ne kaɗai ya motsa, kunne bai ji wani sabon abu ba. Shi ya sa a "So What" na Miles Davis, cikin faifan Kind of Blue na 1959, bayan gaɓa 16 a Doriyan na D sai aka ɗaga komai da rabin taki, wato daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, zuwa Doriyan na Eb na gaɓa 8, sannan aka dawo D gaɓa 8. A can sautuka biyar cikin bakwai ne suka sauya, F da C kaɗai suka rage. Lissafin gaɓoɓinka daidai yake da nasu, 16, 8, 8, amma tsakiyarka ba ta kawo komai ba.

Duk da haka ba wannan hanya zan ɗora ka ba, domin kai buluz kake nema. Buluz kuwa ba tsanin nan mai sauti shida ne kawai ba. Ginshiƙinsa tsari ne na gaɓa 12: a faɗi magana, a maimaita ta a kan kod na huɗu, sannan a kawo magana ta uku a gaɓa ta 9 da ta 10, inda kiɗan ya fi ɗaurewa, kafin a saki a koma gida. In wannan tsari yana nan, kana iya cika kod ɗinka da kamun modal, wato waɗanda aka ciro daga sautukan tsani irin Doriyan, yadda ka ga dama, mai sauraro zai ji buluz. In babu shi, ko ka kwana kana gudu a tsanin buluz, abin da za a ji shi ne mutum yana gwada yatsu a kan kod ɗaya.

Tunda 6/8 kake, kuma gaɓarsa gajera ce, ninka kowace gaɓa biyu su zama 24, don kowane tsani ya samu sararin numfashi:

Gaɓa 1 zuwa 8: Dm7, Doriyan na D
Gaɓa 9 zuwa 12: Gm7, Doriyan na G
Gaɓa 13 zuwa 16: Dm7
Gaɓa 17 da 18: Bb13
Gaɓa 19 da 20: A7
Gaɓa 21 zuwa 24: Dm7

A saurin 66, zagaye ɗaya bugu 48 ne, kusan daƙiƙa 44.

Yanzu lura da abin da Gm7 ya yi wanda G7 ya kasa. Doriyan na G shi ne G A Bb C D E F. Sauti ɗaya tak ya bambanta da na D: B ya koma Bb. Kuma wannan B ɗin shi ne duk martabar Doriyan, shi ne na shida mai haske da ya raba shi da tsanin maina na yau da kullum. To, ka gina jigon kiɗan a kansa. Misali: A–C–D–F, ka sauko D–C, ka tsaya kan B ka riƙe shi. Wannan ya ci gaɓa huɗu, sauran huɗun ka bar su fili don amshi. A gaɓa ta 9 ka maimaita jimlar yadda take, amma ka tsaya kan Bb. Duk mai kunne zai ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa, ko bai san sunan kod ko ɗaya ba. A gaɓa ta 17 ka sauya farkon jimlar, C–D–F–G, ka sauka kan Ab ka riƙe. A gaɓa ta 19 G–F, a ta 21 ka sauka kan D.

Ka ga inda Ab ɗinka ya samu mazauni? A Bb13 shi ne sauti na bakwai, ɗan gida ne. Hannun hagu ya kama Ab–D–G. Da za ka shiga A7, yatsu biyu na ƙasa su sauka rabin taki, na sama ya sauka cikakken taki: G–C#–F. Daga nan sai F–B–E, ka dawo Dm da hasken Doriyan a bayyane. Kamu uku ne maƙwabtan juna, hannu ba ya tsalle.

A kan Bb13 tsanin shi ne Bb C D E F G Ab. Ka riƙe E, kada ka sa Eb, domin E ne ke ɗaure wannan wuri da Doriyan na D. Ka guji A a waɗannan gaɓoɓi biyu. A kan A7 kuma tsanin buluz ɗinka zai zauna daram: C a sama da C# na hagu shi ke ba da wannan ɗacin mai daɗi na 7#9, irin wanda "All Blues" na Miles Davis ya sa a gaɓa ta 9 da ta 10 da D7#9 da Eb7#9. Abin kiyayewa guda ne, kada ka jima kan D alhali C# yana ƙara a ƙasa.

Mai Fiyano, Rafindaɗi:

Malam ya gama da tsari, Allah ya ƙara basira. Ni kan yatsu zan tsaya.

Ƙanena, duba abin da hagunka ke riƙe da shi sa'ad da kake taɓa Ab. E–A–D yana da A, rabin taki ne tsakaninsa da Ab. D–G–C yana da G, kuma Ab na sama ya zarce shi da oktaf ɗaya (daga G zuwa G na gaba) da rabin taki, tazarar da ta fi kowace kaifi a kunne. Wato kamun nan biyu da ka dogara da su, kowannensu faɗa yake da Ab. In jimlar dama za ta bi ta kansa a lokacin Dm7, rage hagu zuwa sauti biyu, C da F, bes ya riƙe D. Na bakwai da na uku ke nan, sun isa a gane kod ɗin, kuma babu wanda zai yi karo.

Abu na biyu, a kan Dm7 ba a zama kan Ab, wucewa ake yi. Asalin wannan sauti murya ce ko tsirkiyar gita ke lanƙwasa shi, yana faɗawa ne tsakanin maɓallai biyu. Goge da kukuma suna yin sa ba wahala, tunda yatsa ke zamewa a kan tsirkiya. Masanin kiɗa Gerhard Kubik ma, a littafinsa na 1999, ya danganta da yawa daga cikin halayen buluz da kiɗan yankin nan namu na Sudan, daga Mali har arewacin Najeriya da Kamaru. Fiyano dai ba ya lanƙwasa, saboda haka sai a yi dabara: ka ɗora manuniya kan Ab, ka zame ta ta faɗa kan G ko kan A, yatsa ɗaya, motsi ɗaya. Daga baƙin maɓalli zuwa fari ake zamewa, ba a hawa daga fari zuwa baƙi da yatsa ɗaya. Ka yi sa'a da ka zaɓi D, domin Ab baƙi ne kuma fari ne a kowane gefensa. Gwada wannan: ƙaramin yatsa ya riƙe D a sama, manuniya ta zame daga Ab zuwa G, babban yatsa ya ɗauki F. Ka sa zamewar a kashi na biyu ko na uku na bugu, kada ta faɗo a kan kan bugun. Ɗan gargaren lanƙwasa sauti da ke gefen wasu kibod kuwa ka bar shi, da muryar fiyano ba ya fitowa da kyau, kuma in ba ka raba kibod ɗin biyu ba har kod ɗin hagu zai ja.

Kamun tazarar huɗu a Doriyan na D guda bakwai ne, kai biyu kawai ka ɗauka: D–G–C, E–A–D, F–B–E, G–C–F, A–D–G, B–E–A, C–F–B. Wanda ya fi faɗin "Doriyan" a cikinsu shi ne F–B–E, domin ya haɗa na uku da na shida da na tara. Ya kamata a ji shi aƙalla sau ɗaya a kowace gaɓa huɗu. Takwaransa a Gm7 shi ne Bb–E–A, ka haɗa shi da G–C–F da A–D–G. Sa'ad da jigo ya tsaya kan B kamar yadda Malam ya tsara, E–A–D ne ya fi dacewa a ƙarƙashinsa. Ka riƙa motsa su kamar ƙaramar waƙa ta biyu: hawa biyu, sauka ɗaya, tsayawa.

Cushewar ƙasa kuma daga mazaunin hannu ne. A kibod mai maɓalli 61, C ta tsakiya ita ce ta uku daga hagu. Yamaha na kiran ta C3, littattafai da yawa na kiran ta C4, kada wannan ya ruɗe ka. Kamun tazarar huɗu kada ya sauka ƙasa da C ta biyu daga hagu. A oktaf ɗin can na ƙasa abu uku kaɗai ke fitowa fes: sauti guda, oktaf, ko tazarar biyar irin D–A. Dalili shi ne sautin ƙasa yana ɗauke da ƙananan sautuka masu ƙarfi a samansa, in ka matso da guda biyu kusa sai waɗannan su cakuɗe. Yadda marigayi mai fiyanon jaz McCoy Tyner yake yi shi ne ya doka D–A irin wannan a can ƙasa a kan bugu na farko, ya ɗago hannu ya koma tsakiya ya ci gaba da kamun huɗu. Saurari "Passion Dance" a faifansa The Real McCoy na 1967, za ka ji rabon aikin a fili.

Feda, wato abin takawa mai riƙe sauti: taka ta ka kama D–A ɗin, amma ɗaga ƙafa a duk sauyin kamu, kuma ɗaga ta kafin zamewar Ab. In ka bar ta a take, Ab da G da A duk za su tsaya suna ƙara tare, ka koma inda ka fito. Ranar da mai bes ya shigo, D–A–D ya zama nasa, hagunka ya bar ƙasa gaba ɗaya.

Mai Kalangu, Daura:

Ranku ya daɗe malamai. Ga nawa ta ɓangaren ganga.

Kalangu ba agogo ba ne da za a ce ya riƙe lokaci kawai. Magana yake yi. In an matse igiyoyinsa a hammata sautin ya hau, in an saki ya sauka, kuma yana bi ta tsakanin sautuka, abin da aka ce fiyano ba ya iyawa. Saboda haka murya ce ta biyu a kiɗan, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar shi yana ta magana a ƙarƙashin jigo tun daga farko har ƙarshe. Sai su yi ta cin bakin juna. Wurinsa shi ne filin da Malam ya bari: gaɓa 5 zuwa 8, 13 zuwa 16, da 21 zuwa 24.

Wannan fili amshi ne, kuma mu nan ba sai an koya mana amshi ba. Ka tuna yadda marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 kuma kabarinsa ke nan Daura, yake jan baiti yadda ya so, 'yan amshi kuwa su karɓa da magana ɗaya ba sa sauya ta har waƙa ta ƙare. Haka za ka yi. Amshin fiyano ya zama gajere, sauti uku ko huɗu, kamar A–C–D, kullum iri ɗaya kuma a wuri ɗaya, kalangu ya yi ado a kewayensa. Wannan yana da wani amfani ma. Daga gaɓa 21 zuwa ta 8 ta zagaye na gaba, gaɓa 12 ke nan a jere kan Dm7, kuma a nan makaɗa ke ɓacewa. A "So What" abin ya fi haka, 8 na ƙarshe da 16 na farko sun haɗu sun zama 24 kan kod ɗaya. Tsayayyen amshi shi ke gaya wa kowa inda ake. Ƙari a kan haka, a yi wata alama guda a ƙarshen gaɓa ta 24, ko da bugu biyu ne masu ƙarfi, kowa ya san sabon zagaye ya zo.

Riƙe lokaci kuma ka ba ƙwarya. A kife ta, dunƙulen hannu ya faɗa a ƙirga na 1 da na 4 cikin shida, yatsu su cika tsakani a hankali. Idan hagun fiyano ya faɗa a 1, 3, 5, an samu uku a kan biyu. Koyon sa a gwiwa ake farawa: tare, dama, hagu, dama. Dama tana 1, 3, 5, hagu yana 1, 4. Fara da metironom a 50, ka riƙa ƙara huɗu-huɗu har 66. Amma kada ka shimfiɗa shi ko'ina, ajiye shi don gaɓa 17 zuwa 20, ya haɗu da ɗaurin kod ɗin. In ya zo daga farko, babu abin da zai rage maka na tayar da kiɗan.

Fata tana bin yanayi. Da hunturu takan ɗaure, sautin ya hau, da damina ta yi sanyi ta saki, ya sauka. Kafin a fara, makaɗi ya buga ba tare da matsewa ba, a gwada da A ko D na fiyano. In ta saki da yawa a ɗan shanya kalangun a rana ko kusa da ɗumi, ba a jikin wuta ba. Kuma tunda muryarsa na zagaye inda kamun hagu yake, a gaɓoɓin amshi ka doka kamu sau ɗaya ka riƙe, ka ba shi wuri.

In kana so jigon ya yi kama da namu, ɗauko shi daga bakin mutane. Faɗi "sannu da zuwa" a hankali ka saurari kanka: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kuma saman na biyu bai kai na farko ba, jimlar gangarowa take yi. A fiyano wannan zai iya zama D–F–C–D–B. Ta ƙare a kan B ɗin Malam, kuma kalangu zai iya faɗin ta har a gane abin da ya ce.

Na Sutudiyo, Ƙofar Ƙaura:

Da izinin Malam, ina da ɗan saɓani. Gaɓa 12 hanya ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ba ce. "Cantaloupe Island" na Herbie Hancock, 1964, gaɓa 16 ne: Fm7 huɗu, Db7 huɗu, Dm11 huɗu, Fm7 huɗu. Babu kod na biyar a ciki sam, amma wa zai ce babu buluz? Sirrin yana Db7, domin na bakwai ɗinsa B ne, wanda shi ne lanƙwasasshen sautin tsanin buluz na F. Dabarar Bb13 ce dai da Malam ya kawo. Saboda haka yaron nan yana iya barin 16, 8, 8 ɗinsa, ya cire G7 ya sa Bb13 a tsakiya, kiɗan zai motsa. Sharaɗin shi ne maimaicin hannun hagu ya zama mai kama kunne, wanda za a iya rerawa da baki. D–A–D bai kai ba tukuna. A gwada D–A–C–D, da C ɗin a ƙirga na 6 yana turo sabuwar gaɓa.

Wajen ɗauka kuma ga abubuwan da ke ɓata aiki. Kashe rakiyar kibod, maɓallin ACMP, don ita za ta yi ta fassara kamun huɗu da wasu kod na daban. Kunna jin nauyin yatsa, in ba haka ba zamewar Ab za ta fito da ƙarfi ɗaya da babban sautin, ta zama kuskure na gaske. Rage amsa-kuwwa. Kada ƙafa ta kasance kan feda lokacin kunna kibod, yin haka na juya aikinta, ta riƙe in an saki, ta saki in an taka.

A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sa sauri 66, ka bar awo huɗu, ka sa layukan su rabu kashi uku a kowane bugu. Gaɓa ɗaya ta kwamfuta za ta ɗauki gaɓa biyu naka, 24 ɗin Malam su zama 12 cif. In ka bar rabon huɗu da manhajar ke zuwa da shi ka daidaita sautuka a kansa, 6/8 ya mutu. Zamewar yatsa kuwa kada a daidaita ta ko kaɗan, a bar ta inda hannu ya sa ta. D na can ƙasan kibod ɗinka yana wajen 73 Hz, A na samansa 110 Hz, nan ne gidan bes. In akwai bes, yanke fiyano daga 100 Hz zuwa ƙasa, in har yanzu da dagulewa rage desibel biyu ko uku a wajen 250 zuwa 300 Hz. Makirufon kalangu ya tsaya santimita 20 zuwa 30 daga fatar, domin makaɗi motsi yake yi. A ɗauki fiyano da kalangu lokaci guda suna ganin juna, kuma kada a kusantar da manhajar gyaran murya kusa da kalangu, za ta miƙar da lanƙwasar da aka kawo shi dominta.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya bar zumunci. Na ɗauki tsarin gaɓa 24 da maimaicin D–A–C–D, kuma sauyin B zuwa Bb ya yi aiki yadda aka ce. Saura tambaya uku. Wajen solo me zan riƙe don kada ya zama hawa da sauka a tsani? Zan iya shigo da F# don a ji buluz mai haske? Kuma yaya ake rufe irin wannan kiɗa?

Malamin Kiɗa, Katsina:

Madalla. Maganar ɗan'uwana na Ƙofar Ƙaura gaskiya ce, hanyar tana ɓullewa. Na fifita gaɓa 12 ne don ita ke koya wa mai shiri inda ake ɗaurewa da inda ake saki, kuma mai bes ko mai ganga da bai taɓa jin kiɗan ba zai bi shi daga zagaye na biyu.

Solo: a cikin Doriyan na D akwai tsanuka uku masu sauti biyar. Na D shi ne D F G A C, shi ya fi kusa da buluz. Na A shi ne A C D E G, ba shi da F ba shi da B, a buɗe yake. Na E shi ne E G A B D, shi ke ɗauke da B, ya fi kowanne haske. Biyun farko suna zama a kan Gm7 ma ba tare da sauya komai ba, na E kuwa dole ka sake shi da zarar gaɓa ta 9 ta zo. Raba su bisa zagaye. A na farko tsaya kan na D, gajerun jimloli, ka bar gaɓoɓin amshi fili kamar yadda jigo ya yi. A na biyu koma na A da na E, ka hau oktaf ɗaya, jimlolin su fara ƙetare layin gaɓa. A na uku ne za ka iya fita waje: ɗauki jimlar sauti huɗu a tsanin D, maimaita ta rabin taki sama a Eb na tsawon gaɓa ɗaya, ka dawo. Wurin da ya fi dacewa shi ne gaɓa ta 8, ka sauka cikin Gm7, ko ta 24, ka sauka kan gaɓa ta 1. Abin da ke lalata wannan dabara shi ne dawowa a makare ko sauya siffar jimlar a lokacin fitar. In siffar ɗaya ce, kunne zai yarda da gangan aka yi. Kowace jimla kuma ka san sautin da za ta ƙare a kai tun kafin ka fara ta: B ko E a Dm7, Bb ko A a Gm7, Ab ko D a Bb13, G ko C a A7.

F# ba zai zauna da Dm7 ba muddin F yana cikin kamun hagu. In kana son na uku biyun duka, sai gidan ya koma D7sus, wato Am7 a kan bes na D, ko D–G–C kawai, kamun da ba shi da na uku. Irin waɗannan kod ne Hancock ya gina "Maiden Voyage" a kansu a 1965. A nan dama tana da 'yancin taɓa F ko F#, sai dai F zuwa F# hawa ne daga fari zuwa baƙi, yatsu biyu yake buƙata, ba ya santsi kamar Bb zuwa B a G ko Eb zuwa E a C. Kuma da F# ya zauna, ka bar Doriyan ka shiga Miksolidiyan na D, F–B–E ya tashi aiki. Shawarata ka ajiye shi don wani kiɗan, ka yi shi a G, inda yatsa zai zame daga Bb zuwa B. Nan ne "All Blues" yake, kuma shi ma da ya isa kod na huɗu B ne ke komawa Bb.

Jerin duka: gabatarwa gaɓa huɗu ta maimaicin hagu da ƙwarya, jigo sau biyu, solon fiyano zagaye uku, zagaye ɗaya na kalangu wanda fiyano ke doka kamu ɗaya kawai a farkon kowane sauyin kod, sai jigo sau ɗaya. Zagaye bakwai ke nan, minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi. Wajen rufewa, maimaita gaɓa 17 zuwa 20 sau uku, na ukun a sassauta gudu, sannan ka sauka da D–A a ƙasa, F–B–E a tsakiya, A a sama, ka taka feda, kalangu ya faɗi jimlarsa ta ƙarshe a kai. Kada a rufe da rage ƙara a kwamfuta, a rufe da hannu.

Rubuta shi a shafi ɗaya, layi shida, gaɓa huɗu a kowane layi, kod a sama, sunan tsani a gefe, ka yi wa gaɓoɓin amshi alama. Ba mai bes da mai kalangu nasu kafin ranar ɗauka. In an ɗauka ka turo mana zagaye biyun farko mu ji yadda gaɓa ta 17 ta zauna.